Sai da na sayi keke sau biyu kafin na samu wanda ya yi daidai da jikina

Ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin mai, ban kawo cewa maganar za ta mayar da ni kan keke ba. Cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen Yuli kuma ta wuce 600. Ni a Samaru ta Zariya nake zaune, aikina a Sabon Gari yake, ina kuma da 'yar gona a bayan Bomo da nake leƙawa Asabar da Lahadi. Da na zauna na yi lissafin abin da babur ɗina yake sha a wata, sai na ga kusan kashi ɗaya cikin uku na albashina ne. Na ce wa mai ɗakina zan jingine babur na koma keke, ta ce in dai gwiwata za ta ɗauka ba ta da ta cewa. Na rubuta wannan ne saboda kuɗin da na yi asara da ciwon da na sha kafin na gane abin da ya kamata na sani tun ranar farko, ko Allah zai sa wani ya tsallake.

Wani abokin aikina ne ya sa min son keke mai manyan ƙafafu. Yana da irin kekunan nan na hawan duwatsu masu giya, wanda ƙafarsa inci 29 ce, ya ba ni aro wata Asabar na tafi gona da shi. Duk wanda ya san hanyar nan da damina ya san yadda ruwa yake cinye ta, ga ramuka, ga burji da ya fito fili, ga yashi da ke taruwa a gangare. Keken da na saba hawa ina yaro mai ƙafa inci 26 ne, kowane rami sai ƙafar ta faɗa ciki ka ji bugun a ƙugunka. Wannan kuwa sai na ji yana bi ta saman ƙananan ramukan kamar ba ya ganinsu. Dalilin ba wani boyayye ba ne, ƙafa in ta yi faɗi ba ta nutsewa cikin ƙaramin rami, kuma in ta ci karo da dutse tana hawansa a kwance maimakon ta doke shi. In ta ɗauki gudu kuma tana riƙe shi, ba sai kana ta tuƙi ba. Abin da na lura da shi kawai, wajen tashi daga tsaye yana da ɗan nauyi, sai ka taka sau uku ko huɗu kafin ya saki jiki. Na dawo gida ran nan na yanke shawara, amma abu ɗaya kawai na riƙe a kaina, wato lamba 29. Ban tambayi abokina girman firam ɗin kekensa ba, wato gangar jikin keken, don ban ma san akwai irin wannan tambayar ba.

Farkon watan Agusta na shiga Sabon Gari wajen masu sayar da kekunan gwanjo da naira dubu 170 a aljihu. Na zagaya shaguna huɗu, yawancin abin da ke jere masu ƙafa 26 ne da kekunan yara, sai a shago na biyar na ga guda ɗaya mai 29, baƙi, dogo, fentinsa bai ko ƙwarzane ba. Na ce a sauko min da shi. Da na ɗora ƙafa na tsaya a kansa, sandar sama ta tokare ni, sai da na yi ɗage. Na ce wa mai shagon, "Alhaji, anya bai yi min tsawo ba?" Ya ce, "Malam, ai haka masu 29 suke, manya ne. Sirdi za a sauke maka, shi ke nan." Ya sa yaronsa ya sauke sirdin har ƙasa, na hau na yi 'yan taku a cikin layin, tsakanin masu baro da masu babur, ko mita hamsin ban yi ba na juyo. Ban zargi mutumin da yaudara ba har yau, na fi zaton shi ma iyakar saninsa ke nan. Muka yi ciniki daga dubu 185 muka tsaya a 165, na biya, na hau na kamo hanyar Samaru ina jin daɗi.

Kafin na kai Kwangila wuyana ya fara sagewa. Na ce rashin sabo ne. Mako na farko ya wuce, na biyu ya shiga, ciwon bai tafi ba sai ma yaɗuwa da ya yi, ya sauka kafaɗu da tsakiyar baya, tafin hannuwana kuma su riƙa mutuwa har sai na saki hannu ɗaya na yarfa. A kan keken a miƙe nake kamar mai rarrafe, gwiwar hannuna a sandare, duk nauyina ya koma kan wuyan hannu. Saboda an sauke sirdin ƙasa sosai, gwiwata ba ta miƙewa in na taka feda, sai gaban gwiwar ya fara zafi shi ma. Abin da ya tsorata ni ya faru ne a mako na uku, da yamma, a cunkoson PZ. Wani mai Keke Napep ya tsaya a gabana ba zato, na damƙe birki na zamo daga sirdi don na dire ƙafa, sandar ta buge ni a wurin da ba a so, ƙafata ba ta kai ƙasa da kyau ba, na kife gefe ni da keken. Allah ya tsare babu mota a bayana. Na tashi da ƙujewa a gwiwar hannu da yagaggen wando, na tura keken da ƙafa har wani wuri kafin zuciyata ta kwanta.

Washegari na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran keke a kusa da kasuwar Samaru, wanda tun ina makarantar firamare nake ganinsa a gindin bishiyar nan. Niyyata ya duba min birki. Na tarar da mutum uku a gabana, na zauna kan benci kusan awa guda ina kallon yadda yake ɗaure sifoki. Da layi ya zo kaina bai ko taɓa birkin ba, ya ce, "Ɗana, tsaya a kansa in gani." Na tsaya. Ya ce na hau na riƙe kan keken, ya dafa min. Ya zagaya ni sau ɗaya, sannan ya ce, "Wannan ba kekenka ba ne. Na wani dogo ne. Rigar da ta fi ka, ko ka naɗe hannunta, kafaɗar tana nan yadda tela ya yanka ta." Na ce, "Baba, an ce min haka masu 29 suke." Ya ce ƙafa daban, firam daban. Ya ɗauko tef ya auna daga cibiyar feda zuwa bakin bututun da sirdi ke shiga, ya nuna min, inci 21. Ya kankare wata 'yar takarda da ƙura ta rufe a jikin bututun, sai ga XL a rubuce. Ya ce kamfani ɗaya yakan yi keke iri ɗaya, da ƙafa iri ɗaya, amma firam huɗu ko biyar, daga ƙarami har babba, kamar takalmi. Na tambaye shi ko akwai dabara, ya ce zai iya sa wa keken gajeren wuya, wato ƙarfen da ke riƙe kan keke, ya rage min miƙewa, amma sandar da ta buge ni ba mai sauke ta. Bai karɓi ko sisi ba ran nan.

Da daddare na kira ɗan yayana da ke karatun injiniya a jami'a, ya zo da wayarsa muka zauna a tsakar gida. Shi ya nuna min cewa kowane kamfanin kirki yana wallafa jadawalin ma'aunin firam ɗinsa a intanet, kuma kafin ka duba jadawalin sai ka fara auna kanka. Ya ce na cire takalmi na jingina da bango. Tsawona ya kama santimita 170. Sannan ya ba ni littafi mai kauri ya ce na sa shi tsakanin cinyoyina na ɗaga shi sama sosai, kamar ina zaune a kan sirdi, ya yi alama a bango daidai saman littafin, ya auna zuwa ƙasa, santimita 79. Wannan awon na biyu ya fi na farko muhimmanci, domin mutum biyu za su iya zama tsawo ɗaya amma ɗaya ƙafarsa ce doguwa, ɗaya gangar jikinsa. Da muka duba jadawalin kamfanoni uku, duk sun ajiye mai tsawona a M, wato firam inci 17 ko kusa da haka, S kuwa wajen inci 15, L wajen 19, XL ɗin da na saya kuma an yi shi ne don mutanen da suka kai santimita 185 zuwa sama. Ashe mataki biyu na tsallake. Muka auna tsayin sandar keken nawa daga ƙasa, a daidai inda mutum yake tsayawa, ya kama 83. Ƙafata 79, sanda 83. A keken da za a shiga daji da shi ana son ratar da ta kai santimita 5 zuwa 8 tsakanin sandar da jikinka in ka tsaya da ƙafa biyu a ƙasa, domin a hanya marar kyau ba ka san inda ƙafarka za ta dira ba.

Daga nan ya shiga bayanin da ya ɗauke mu har ƙarfe goma sha ɗaya, kuma shi ne ya fi yi min amfani. Ya ce tsayi ana iya wasa da shi ta hanyar ɗaga sirdi ko sauke shi, amma tsawon firam daga baya zuwa gaba shi ne ba ya gyaruwa. Akwai awon da ake yi daga saitin cibiyar feda zuwa saman bututun gaba, inda wuyan keke yake zama, a kwance ba a karkace ba. Shi ne yake nuna yadda za ka miƙa kafin ka kai ga riƙe kan keke. A nawa ya haura santimita 46, alhali a irin wannan keken mai girman M bai fi 42 zuwa 43 ba. Santimita huɗu a baki ba komai ba ne, amma su ne suka hana ni barci mako uku. Sai kuma karkatar bututun gaban, wadda ake aunawa da digiri. In ya kusa miƙewa tsaye, wajen digiri 69 zuwa 71, keken yana saurin juyawa, yana daɗin hawa tudu da kutsawa cikin cunkoso. In ya kwanta, wajen 65 zuwa 67, ƙafar gaba tana yin nisa da kai, keken yana natsuwa a gangara mai duwatsu, amma a ƙaramin lungu sai ka ji kamar kana juya amalanke. Na yi tunanin hanyoyina. Zariya ba garin tsaunuka ba ce, in ka cire irin su Dutsen Kufena yawanci shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, kwana biyar ina kan kwalta, kwana biyu a hanyar gona. Sai muka tsayar cewa wajen digiri 68 zuwa 70 ya ishe ni. Ya ƙara min abu ɗaya da ya shafi mu marasa tsawo sosai. Babbar ƙafa a ƙaramin firam takan matso kusa da feda, har in ka juya kan keke yatsun ƙafarka su taɓa taya, kuma gaban keken yakan yi sama da yawa. Shi ya sa wasu kamfanoni suke sa wa ƙananan firam ƙafa inci 27.5. Ya ce a tsawona 29 za ta yi, amma da na gaza 160 da ya ce na haƙura da ita. A cikin hirar ne ma ya faɗa min cewa irin wannan ƙafar ba ta daɗe a kekunan hawan dutse ba, wajen shekarar 2001 ne Gary Fisher a Amurka ya fara fitar da su kasuwa da yawa, kafin nan 26 ce ke mulki.

Sayar da na farkon ya fi sayensa wuya. Na mayar wa mai shagon, ya ce ba ya karɓar kayan da aka fita da su, sai dai na ajiye ya sayar min ya cire lada. Ban yarda ba, na kawo shi gida na sa hotonsa a WhatsApp. Mutane suka yi ta zuwa, kowa ya hau ya ce ya yi kyau, sai a taya dubu 90 ko 100. Biyu daga cikinsu ban ma yarda na sayar musu ba, don ba su kai ni tsawo ba, na ce musu abin da ya same ni zai same su. Sai bayan mako biyar wani ɗalibi dogo, wanda sai na ɗaga kai nake kallon fuskarsa, ya zo ya tsaya a kansa, na ga rata a ƙarƙashinsa, ya hau na ga gwiwar hannunsa a ɗan lanƙwashe yadda ake so. Muka daidaita a dubu 130. Asarar dubu 35 ta yi min ciwo, a lokacin kuɗin makarantar yara biyu ne, amma na ji sanyi da na ga keken ya je hannun mai shi.

Na koma Sabon Gari sau uku a cikin Oktoba da tef a aljihu, na leƙa Tudun Wada, ban samu M mai ƙafa 29 ba. Wani mai shago ya ce na jira kaya na hanya, na jira kwana goma sha biyu, da suka iso duk 26 ne sai L guda ɗaya. Ya so ya lallashe ni da maganar sauke sirdi, na yi masa godiya na fita. Na ga dai zuwa da kai ya fi saƙo, sai na shirya tafiya Kano. Wata Asabar bayan sallar asuba na hau mota a Kwangila, naira dubu 4, muka jira ta cika kusan minti arba'in, wajen ƙarfe goma ina Sabon Garin Kano. A can kam kaya sun fi yawa, har ido ya ruɗe. Da na fito da tef da 'yar takardar da na rubuta lambobina, yaran shagon suka taru suna kallo, mai shagon ya ce, "Yallaɓai, keke za ka saya ko fili?" Na ce masa na taɓa saya da ido na ji jiki, ya ce to bismilla, auna.

Guda uku na ware. Na farko yana da shoka gaba da tsakiya, da wani ƙaton sifirin a ƙarƙashin sirdi, shi ya fi ɗaukar ido kuma shi ya fi araha. Da na ɗaga shi sai na ji nauyi kamar ƙaramin buhun siminti, da na taka kuma rabin ƙarfina sifirin ɗin yake shanyewa, keken yana ta rausaya. Sunan wani babban kamfani ne a jikinsa, amma sitika ce da farce ma zai ɓare ta. Na ajiye shi. Na biyu na alminiyam ne, mara nauyi, da birkin mai, girmansa M, na so shi ƙwarai. Sai da na kifa shi na bi duk inda aka yi walda da yatsa da fitilar waya, kamar yadda Baba mai gyaran keke ya ce na yi, na ga wani siririn layi kamar gashi a ƙarƙashin bututun gaba. Tsagewa ce. Firam na ƙarfe in ya tsage mai walda na bakin titi zai iya kama shi, na alminiyam kuwa ba haka ba ne, kuma tsagewa a wannan wurin tana iya raba keke biyu kana cikin gudu. Na nuna wa mai shagon, ya yi shiru ya mayar da shi ciki. Na uku fentinsa ya koɗe, sirdinsa ya yage, amma firam ɗin lafiya lau. Inci 17 da rabi, sanda santimita 75 daga ƙasa, da takalmi na tsaya na zura yatsu huɗu a ratar. Shoka a gaba kawai, mai tafiyar santimita 10, da maɓallin kulle ta in an hau kwalta. Giyar Shimano, birkin faifai na waya. Ɗan yayana ya sa min wata manhaja mai auna karkata a waya, na kanga ta a bututun gaba ta nuna wajen 69. Na juya kan keken dama da hagu da feda a gaba, yatsuna ba su taɓa taya ba. Na ce sai na gwada shi da nisa, na bar katin shaidata a shagon, yaro ya bi ni a wani keken, muka yi kusan minti goma sha biyar. Tun a minti na biyu na san na samu, domin kafaɗuna sun sauka da kansu.

Birkin waya na zaɓa da gangan. Na mai ya fi kamawa da laushi a hannu, amma in ya yi yoyo a hanyar Bomo babu mai gyara min, kuma kowane iri da man da yake sha, na Shimano ba a zuba masa man birkin mota, yana lalata robobinsa. Waya kuwa ko a ƙauye za a canza maka. Ciniki ya fara daga dubu 230, muka yi ta ja har azahar, na tafi masallaci na dawo, muka ƙare a 190. Na ce a rubuta min rasit mai sunan shago da lambar waya, a kuma sa lambar firam ɗin, wadda ake bugawa a ƙarƙashin cibiyar feda. Mai shagon ya ga kamar na cika tsanani, amma kekunan sata suna yawo, kuma a hanyar dawowa an tsayar da motarmu an tambayi mai keken, takardar nan ce ta sa ba a ɓata mana lokaci ba. Kafin na bar kasuwar na sayi tiyub biyu a dubu 9. Direba ya karɓi dubu 2 da 500 kuɗin keken, na cire ƙafar gaba da kaina, na naɗe giyar baya da tsumma don kada kaya su danne ta su lanƙwasa.

Maganar tiyub da taya tana da ruɗani, gara na tsaya a kanta. Kada ka dogara da incin da mai kaya ya faɗa, duba ƙananan lambobin da ke jikin tayar. Tawa an rubuta 29 x 2.1, a gefe kuma 54-622. Wannan 622 ɗin faɗin da'irar rim ne a milimita, shi ne gaskiyar magana. Na 26 lambarsa 559, na 27.5 kuma 584. Abin da ya ba ni mamaki, tsohon keken iyayenmu irin su Raleigh da Phoenix, da ake kira 28, lambarsa 635, wato rim ɗinsa ya fi na 29 faɗi duk da sunan ya nuna akasin haka. Kaurin taya ne ya sa ake kiran wannan 29. Na ga wanda aka sayar wa tayar 28 aka ce za ta shiga, ba ta zauna ba. A Zariya tayar 26 ko ina akwai ta, ta 29 kuwa sai an nema, shi ya sa nake ajiye ɗaya a gida kullum.

Litinin na kai wa Baba. Ya sa na tsaya a kansa, ya gyaɗa kai, ya ce yanzu ne za a yi aiki. Mun fi awa biyu. Ya fara da sirdi, ya ce na hau na dafa bango, na ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ya riƙa ɗagawa har ƙafata ta miƙe sak ba tare da ƙuguna ya karkata ba. In ka mayar da tudun ƙafa kan feda sai gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan, haka ake so. Ɗan yayana ya riga ya ba ni lissafi, a ninka tsawon ƙafa da 0.883, wanda ya ba ni kusan santimita 70 daga cibiyar feda zuwa saman sirdi. Da muka sa tef a inda Baba ya tsayar da idonsa, bambancin bai kai santimita ɗaya ba. Ya nuna min wani layi a jikin sandar sirdin, ya ce kada na taɓa zaro ta ta wuce nan, in ba haka ba za ta fasa firam. Wuyan keken santimita 9 ne, ya ce na hau mako guda tukuna. Da na dawo na ce har yanzu ina ɗan miƙewa, ya samo min mai santimita 7 a dubu 6. Kan keken ma ya yi min faɗi, santimita 74, ina ta gogar madubin motoci, ya yanke santimita biyu a kowane gefe, ya ce a riƙa yi kaɗan kaɗan tun da abin da aka yanke ba ya dawowa. Sabon sirdi dubu 5, ladan aikinsa dubu 3, na ƙara masa da goro.

Bawul ɗin tayar siriri ne, irin wanda famfon masu faci ba ya kamawa, na gano haka ne ranar da tsidau ya huda min taya a bayan Bomo na tura keke kusan kilomita uku. Yanzu ina yawo da wani ɗan ƙaramin ƙarfe da ake ɗaurawa a bakin bawul ɗin ya koma irin na babur, da ƙaramin famfo da kayan faci a jaka. Masu faci sukan so su cika taya ta yi tauri kamar dutse, ni kuwa geji 30 zuwa 35 nake tsayawa, in ta yi tauri da yawa duk amfanin babbar ƙafar ya tafi, sai ta riƙa tsalle a kan burji. Ranar Juma'a in na sa kaftani nakan tattare shi na ɗaure ƙafar wando ta dama, don sarƙar irin waɗannan kekunan ba ta da murfi.

In na haɗa asarar farko da kuɗin mota da gyare-gyare, keken ya tsaya min a kusan dubu 260, alhali da na san abin da na sani yanzu da bai wuce 225 ba, kuma da ban yi wata uku ina jeka ka dawo ba. Wanda duk ya tambaye ni yanzu, nakan ce ya auna tsawonsa da tsawon ƙafarsa tun a gida, ya rubuta, ya tafi kasuwa da tef. Ya tsaya a kan keken kafin ya tambayi kuɗinsa. In aka ce masa za a sauke sirdi, ya tambaya ko za a sauke sandar ma. In ya faɗa tsakanin girma biyu, ƙaramin ya fi sauƙin gyara, domin ana iya ɗaga sirdi a ƙara tsawon wuya, babban kuwa ba a rage shi. Gwajin mita hamsin a cikin layin kasuwa ba ya nuna komai, wuya da kafaɗa ba sa magana sai an ɗan jima a kai.

Yanzu daga gida zuwa wurin aiki minti arba'in nake yi in babu iska, da hunturu in iskar gabas ta taso nakan kai hamsin. Asabar ɗin da ta wuce, bayan na dawo daga gona, maƙwabcina ya aiko ɗansa ya ce yana son raka shi kasuwa su sayi irin nawa. Na ce ya turo min yaron da yamma, ya zo da littafi mai kauri, kuma ya cire takalmi in ya iso.